Kan Jirgin Baba Tsoho da Kwamfutar da Ta Manta Shekara

Abubuwa da yawa sun wuce ni a rayuwa na manta su, wasu ma tun kafin shekara ta zagayo. Amma ban ga ranar da zan manta da ɗan kan jirgin ƙasan da muka sayo wa kakana ba, da kwana goma sha huɗun da na yi ta lissafawa a kansa har barci ya so ya gagare ni.

Lokacin ina shekarar farko a kwaleji, na dawo hutu gidanmu a Kademi. Ni dama ba mai yawan magana ba ce. Idan aka tara mutane, ina can gefe da littafi. Kuma ina da wata ɗabi'a tun ina firamare, duk abin da na yi sai na rubuta shi a ɗan littafina, da rana da lokaci. Saboda haka ne kakana, wanda duk gidan muke kira Baba Tsoho, ya raɗa min Akawu. Ban taɓa jin ya kira ni da sunana na yanka ba.

Baba Tsoho tsohon ma'aikacin reluwe ne. Yana saurayi ya bar gona ya tafi Kano, ya yi shekaru masu yawa a can kafin ya dawo ya ci gaba da noma. Aikinsa shi ne juya wa jirgi hanya. Inda layin dogo ya rabu biyu, shi ne yake jan wani ƙarfe, sai jirgin ya bi wannan layin ko wancan. Kakata, Iya, ba ta taɓa bin sa Kano ba. A Kademi ta zauna tare da surukarta, shi kuma yana zuwa ƙarshen wata. Sau ɗaya ta taɓa hango jirgin ƙasa, shi ma daga cikin mota. Don haka duk lokacin da ya ɗauko labarin aikinsa, sai ta taɓe baki.

"Ni fa har yau ban gane ba," in ji ta. "Abu ba shi da sitiyari, ta yaya zai yi kwana?"

"Na ƙasa ne yake juya shi, ba na ciki ba."

"Kana tsaye a ƙasa ka juya abin da ya fi gidan nan tsawo? Malam, ka ji tsoron Allah."

Sai ya zana mata layi biyu da sandarsa a ƙasa, ita kuma ta ce ba ta ga komai ba sai zane. Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi. Amma ni da nake gefe ina kallo, na lura dariyar tasa ba ta kai ciki ba. Mutum ya ba da ƙuruciyarsa ga aiki, matar da suka tsufa tare ba ta san me ya yi ba.

A ɗakin karatu na kwalejinmu na ga hoton wani ƙaramin jirgin ƙasa, wanda ake shimfiɗa wa layi a kan tebur, yana tafiya da wuta, har da wurin juya hanya kamar na gaske. Na bincika na samu shafin kamfanin da yake ƙera su a ƙasar waje. Na tura wa yayana da yake aiki a Legas. Bai ja magana ba, ya ce in zaɓa, shi zai biya.

A gida muna da tsohuwar kwamfuta ta tebur da Yaya ya bari. Da rana kawai take aiki, idan sola ta ɗauki caji, kuma da wayata nake jona ta da intanet. Da ita na yi odar. Kamfanin yana yin jiragen girma biyu, babba da ƙarami. Na zaɓi babba saboda idon Baba Tsoho ya yi rauni. Na zaɓi layi, na zaɓi wurin juya hanya, na zaɓi tarago biyu, sannan kan jirgi baƙi. Shafin nasu ya ba ni wahala ƙwarai. Sai in danna abu ya tsaya yana ta juyi, can ya ɓace ya dawo. Da na zo kan jirgin ma sai da ya yi haka. Amma kowane kaya yana da lambarsa, kuma na rubuta su duka a littafina. Na kuma ɗauki hoton fuskar kwamfutar da wayata lokacin da na zaɓi kan jirgin, ba don ina zargin komai ba, hali ne kawai.

Da yake masu kawo saƙo ba sa shigowa Kademi, adireshin shagon wani abokin kawuna a Kano muka bayar. Kawu direba ne, yana jigila daga Ajingi zuwa Gaya har Kano. Ranar wata Asabar kayan suka iso, shi ya sa hannu ya karɓa, ya cusa kwalin a ƙarƙashin kujerar motarsa. Bai kawo ba sai ranar Juma'a da ya saba zuwa gaida su Iya.

Bayan an sauko daga masallaci muka shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida. Na harhaɗa layin ina bin takardar da ta zo da shi. Baba Tsoho yana shafa shi da hannu yana murmushi. Na ɗora taragon biyu, suka zauna daram. Sai na buɗe ɗan kwalin kan jirgin. Tun da na gan shi na san akwai matsala, don bai kai rabin tarago ɗaya ba. Na miƙa wa Baba Tsoho. Bai ma kai shi kusa da ido ba. Ya kifa shi, ya sa yatsa tsakanin ƙafafunsa, sannan ya sa yatsan tsakanin ƙarafan layin.

"Akawu, wannan ba ɗan layin nan ba ne," ya ce a hankali. Sannan ya ƙara da cewa, "Amma kyau gare shi. Allah ya yi wa yaron nan albarka."

Iya ta matso da kujerarta. "To a kunna mana mu ga kwanan da ake ta faɗa."

"Ki bar shi ya huta, daga doguwar tafiya yake."

"Na sani ai," ta ce, ta tashi ta koma wajen tukunyarta.

Da la'asar na zauna na karanta ƙa'idojin kamfanin layi bayan layi. Sun ce mai saye yana da damar mayar da kaya ko a canza masa, muddin ya sanar da su cikin kwana goma sha huɗu daga ranar da aka karɓi kayan, kuma ya mayar a cikin kwalinsu na asali. Daga ranar da aka karɓa, ba daga ranar da ya iso hannunmu ba. Wato kwana shida sun riga sun tafi a ƙarƙashin kujerar Kawu. Saura takwas.

Na je na gaya wa Baba Tsoho. Ya girgiza kai tun kafin in rufe baki.

"A'a. Yaro ya yi min alheri daga Legas, in ce a mayar bai yi ba? Da wane ido zan kalle shi? Abin da ya zo shi ne rabona."

Gaskiya ni ma a raina na ji sauƙi. Na taso ina ganin shagunan Gaya da rubutu a bango cewa kaya idan ya fita ba ya dawowa. Ko takalmi na saya ya matse ni, gara in haƙura da shi da in koma in tsaya gaban mai shago. Balle in rubuta wa wasu mutane a wata ƙasa in ce sun yi kuskure. Na san mun karanta a islamiyya cewa mai saye yana da zaɓin mayar da abin da ya samu ba yadda aka yi ciniki ba. Na ci wannan tambayar a jarrabawa ma. Amma ban taɓa ɗauka cewa ni ake nufi ba. Haka na yi shiru kwana uku.

Ranar Litinin da hantsi na fito zan ɗebi ruwa, sai na hango shi shi kaɗai a rumfa. Ya ɗora ƙafafun gefe ɗaya na ɗan kan jirgin a kan ƙarfen layi, ɗaya gefen yana jan tabarma, yana tura shi da yatsa. Da ya zo inda layin ya rabu sai abin ya kife. Ya ɗaga ya sake, ya sake kifewa. Da ya ji motsina ya yi sauri ya sa shi a aljihu.

Na ajiye bokitin na shiga ɗaki na ɗauko littafina da waya. Na zauna kusa da shi na karanto masa lambar layi, da ta tarago, da ta kan jirgin da na zaɓa. Sannan na karanto lambar da ke jikin wanda suka aiko. Ba ɗaya ba ne.

"Sake karantawa," ya ce. Na sake.

"Wato ke kin rubuta daidai, a wajen lodi aka yi kuskure?"

"Haka ne. Yaya ya biya kuɗin babba ne, Baba Tsoho. Wannan ba shi ne kyautar da ya yi maka ba. Taka tana can ba ta taso ba."

Ya gyara zama. Na ga fuskarsa ta canza, kamar wanda aka kira bakin aiki.

"To ai wannan kaya ne da aka juya wa hanyar da ba tasa ba. A reluwe idan haka ta faru ba a cewa rabo, takarda ake rubutawa a mayar da shi inda ya fito. Rubuta musu, Akawu. Amma da sharaɗi ɗaya, kada yayanki ya ji sai an gyara. Ba na so ransa ya ɓaci."

Sai neman kwali. Na duba ɗakinsa, na duba nawa, babu. Na tambayi Iya.

"Wannan ɗan kwalin mai kyau? Yana nan, na adana shi."

Ta adana shi kam. Daddawarta ta jera a ciki, ta rufe ruf ta ɗora a saman kwanukanta. A gidanmu kwali mai murfi ba ya zaman banza. Da ƙyar ta juye daddawar tana mita, wai za a mayar wa masu kwali kwali, kamar ba su da wani. Na goge shi, na shanya a rana, na sa gawayi a ciki ya kwana. Warin ya ragu, amma duk wanda ya san daddawa ya san ba ta fita gaba ɗaya.

Ranar Talata na buɗe shafin mayar da kaya a wayata. Na cike komai, na zo ƙasa, babu wurin dannawa a tura. An yanke shi, ko ta ina na ja ba ya fitowa. Na nemi wani adireshi da zan aika musu saƙo, duk hanya sai ta dawo da ni kan wannan fom ɗin. Na ce to bari in koma kwamfuta. Na kunna ta, ita kuma ta ƙi buɗe shafin sam. Sai ta fito da wani gargaɗi cewa agogonta yana baya. Na duba ƙasan fuskarta, na ga lokacin ba daidai ba ne, na gyara awa da minti. Ta sake fito da gargaɗin. Na kashe na kunna, na sake gyarawa, duk ɗaya. Haka na yi Laraba ma. Ina ta zargin ko cuta ce ta shige ta, ko shafin nasu ne ya sake lalacewa.

Ranar Alhamis na naɗe ta a zani, na hau babur na rungume ta har Gaya, wajen mai gyaran da na sani. Na tarar da shagon a kulle. Maƙwabcinsa mai sayar da katin waya ya ce ya tafi biki Ajingi, sai Lahadi. Na tsaya a bakin shagon da kwamfuta a hannu kamar mai goyo. Yau da nake rubuta wannan na san da na buɗe baki na tambayi inda wani shagon yake, ko na roƙi wani ya ara min tasa na minti goma, da an gama. Amma kunya ta hana ni. Na tari wani babur na dawo gida.

Juma'a ta zagayo, kwana na goma sha uku. Gobe Asabar ƙofa za ta rufe. Da safe rana ta ɗaga na kunna kwamfutar, gargaɗin nan ya sake fitowa. Na kifa kaina a tebur. Sai na ji ƙarar sandar Baba Tsoho a bakin ƙofa. Bai taɓa shigowa wajen kwamfutar nan ba, yana ce mata akwatin yayanki.

"Me take cewa ne har kwana uku?"

"Wai agogonta yana baya. Na kuma gyara."

Ya ɗago hannunsa ya kai agogonsa daf da ido. Tsohon agogo ne irin wanda ake wanawa da hannu, wanda yake saitawa kullum da labarun rediyo, kuma bai yarda akwai wanda ya fi shi daidai a Kademi ba.

"Ƙarfe nawa ta ce?"

"Goma da minti bakwai."

"Daidai ne. Wace rana?"

Na kalli ƙasan fuskarta, awa da minti kawai na gani.

"Akawu, lokaci ba awa kaɗai ba ne. Jirgin ƙarfe goma na Talata daban, na Laraba daban. Idan ka juya wa na Talata hanyar na Laraba, ka kashe mutane. Tambaye ta wace rana take ciki."

Na danna agogon, kalandarta ta buɗe. Wallahi sai da na yi salati. Kwamfutar tana cikin watan farko na wata shekara da nake aji biyu a firamare. Ni da ake kira Akawu, ni da ba na rubuta komai sai na sa kwanan wata a sama, kwana uku ina gyara awa da minti ban kalli shekara ba. Daga baya mai gyara ya bayyana min cewa akwai wani ɗan batir kamar maɓallin riga a cikinta, shi ne yake riƙe mata lokaci idan an kashe ta, kuma nata ya mutu ne bayan na yi odar. Na gyara rana da wata da shekara, na danna, shafin ya buɗe kamar ba shi ne ya wahalar da ni ba.

"Tsufa ne," in ji Baba Tsoho. "Ni ma wani lokacin ina tashi in ɗauka ina Kano."

Fom ɗin yana da wurin rubuta dalili. Dama na riga na tsara wasiƙata a littafi tun ranar Litinin, na gyara ta sau uku. Kafin in kwafa ya ce in fassara masa. Na fara. Ina cikin karantawa ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Haƙuri nawa kika ba su a ciki?"

Na ƙirga. "Biyar."

"Su suka yi kuskure, ke kike ba da haƙuri sau biyar? Goge. Ki faɗi abin da kika saya, ki faɗi abin da suka aiko, ki faɗi abin da kike so. Ba zagi, ba roƙo."

"Duka zan goge?"

Ya yi ɗan tunani. "Ki bar ɗaya. Na daddawa."

Haka na yi. Layi huɗu wasiƙar ta koma. Na sa lambobin biyu, na haɗa da hoton da na ɗauka ranar oda, na ce muna so a canza mana da babba. A ƙarshe na ba da haƙuri cewa kwalin yana ɗan warin wani kayan miya namu, amma bai taɓa kan jirgin ba. Sai na danna. Na rubuta a littafina: Juma'a, goma da minti talatin da ɗaya, an tura.

Bayan kwana biyu amsa ta zo. Ban taɓa zaton za su amsa da ladabi haka ba. Sun ce sun duba hotona sun gano cewa idan shafinsu ya tsaya ya dawo, yakan mayar da zaɓin mutum kan ƙarami ba tare da ya nuna ba, kuma laifin nasu ne. Sun turo takardar da za a manna a kwalin, ɗaukar kayan a wuyansu. Game da wari kuwa sun ce ba komai. Na je Gaya aka buga min takardar, aka kuma sa wa kwamfutar sabon batir. Da na ba Kawu kwalin na daure na ce masa, "Kawu, don Allah wannan karon kada ya kwana ƙarƙashin kujera." Ya kalle ni da mamaki, don bai saba jin muryata ba, ya yi dariya ya ce yau zai kai. Ya kuwa kai.

Na riga na koma makaranta lokacin da babban kan jirgin ya iso. Baba Tsoho ya hana kowa buɗewa, ya ce sai Akawu ta zo. Na zo ƙarshen mako. Muka shimfiɗa tabarma a rumfa, na jona wuta. Ya sa yatsa tsakanin ƙafafun, ya gyaɗa kai, ya ɗora shi da kansa. Ya zauna daram. Na murɗa maɓalli, jirgin ya tashi yana jan taragonsa biyu.

Iya tana kan kujerarta, ta harɗe hannu. Jirgin ya zagaya sau ɗaya, sau biyu, yana bin layin waje. A zagaye na uku Baba Tsoho ya miƙa yatsa ya tura ɗan ƙarfen da ke gefen layin. Ba wanda ya taɓa jirgin. Yana isowa ya saki hanyarsa ya shige layin ciki.

Iya ta sunkuyo. "Wa ya juya shi?"

"Ni."

"Sake in gani."

Ya mayar da ƙarfen, jirgin ya koma layin waje. Ya sake turawa, ya shiga ciki. Iya ta sauko daga kujera ta durƙusa a kan tabarma, ta kalli inda ƙarafan suke matsawa. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dube shi.

"Ashe kai ne sitiyarin."

Ya cire hularsa ya mayar, ya goge ido da hannun riga ya ce rana ce take kashe masa ido, alhali a inuwa muke. A ranar da yamma ya sa na kira Yaya, ya ba shi labarin tun daga farko da bakinsa, har da daddawar.

Jirgin yana nan har yanzu, a cikin wani kwalin da Iya ta yi alkawarin ba za ta taɓa ba. Ni kuma tun daga lokacin, idan abu ya ƙi aiki nakan fara duba ɗan abin da nake ganin na riga na sani. Amma babban abin da na koya shi ne neman haƙƙinka ba rashin kunya ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne. Shirun da nake yi ina ɗauka ladabi ne, saura kwana ɗaya ya hana wani tsoho nuna wa matarsa aikin da ya yi tsawon rayuwarsa. Yanzu idan aka ba ni abin da ba shi na saya ba, nakan koma in faɗi abin da na saya, da abin da aka ba ni, da abin da nake so. Haƙuri kuwa sau ɗaya nake bayarwa, shi ma sai idan daddawar tawa ce.